FAMFON SITIYARI: YADDA MUKA GYARA MOTAR ƘUNGIYARMU A GIDA

Yawancin ƙungiyoyin gama kai na ekklesiyoyinmu mota ɗaya tak gare su, wadda aka saya da gumin mutane da yawa. Ita ke kawo taki da iri a farkon damina, ita ke kai amfanin gona kasuwa. In kuwa haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ita ce mai kai ta asibiti. Ran da motar nan ta kwanta, ƙauye duka yakan ji a jikinsa. Domin haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da ya sami tamu bara, da yadda muka gyara ta da hannunmu, ko wata ƙungiya ta tsira daga irin hasarar da muka yi.

ABIN DA YA SAME MU

Mu manoman dankalin Turawa ne a ƙasar Filato. Motarmu tsohuwar Toyota Hilux ce mai shan fetur. Tun da hunturu direbanmu ya fara jin wani kuka daga wajen inji duk sa'ad da ya juya sitiyari da sassafe, kamar kukan injin niƙa da hatsi ya ƙare masa. Ya faɗa wa kwamiti. Muka ce a dakata tukuna, gama asusu babu kuɗi. Da farkon damina, yana kan hanya, ya ga man sitiyari ya yi ƙasa ƙwarai. Wani yaron gareji ya ce masa ai mai duk mai ne, ya zuba masa man birki. Kukan ya lafa kwana biyu, muka ɗauka magana ta ƙare. Daga nan sai mai ya riƙa ɗiga duk inda motar ta kwana.

A cikin watan Agusta aka yi mata lodin dankali, mata biyu kuma suna zaune a gaba za su kasuwa. Suna gangarowa daga kan tudu, daidai wata kwana, sai sitiyari ya ƙage a hannun direba. Ya taka birki, ya sa hannu biyu da dukan ƙarfinsa, motar ta tsaya a bakin kwazazzabo. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma dankali ya kwana biyu cikin ruwan sama kafin mu sami motar haya, buhuna da dama kuwa suka ruɓe.

Muka kira taro a majami'a. Ma'aji ya karanta mana kuɗin sabon famfo da na aikin gareji a birni, wuri ya yi tsit. Kun dai san yadda kayan gyaran mota suka yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi. Waɗansu suka ce a sayar da motar a huta. Sai shugabar zumuntar mata ta ce, "Tun hunturu motar nan take yi muku kuka. Da jaka ce ta ɗayanku, da ya bar ta har yau?" Ba wanda ya amsa.

Akwai wani saurayi cikin ekklesiyarmu da ya koyi kanikanci a makarantar koyon sana'a. Ya miƙe ya ce wa shugaba, "Baba, a ba ni izini in duba ta tukuna." Shugaba ya ce, "Ɗana, in ka lalata ta fa?" Ya ce, "Baba, ai a lalace take." Aka yi dariya, aka ba shi izini, aka kuma zaɓi mutum uku su tsaya tare da shi su koya. Abin da muka koya ke nan za mu faɗa muku.

MENE NE AIKIN FAMFON NAN?

Tsofaffin direbobi sun tuna da a-kori-kurar Peugeot 404, wadda ƙarfin damtse kaɗai ke juya sitiyarinta. A Amurka ne kamfanin Chrysler ya fara sayar da ƙananan motoci masu sitiyarin mai a shekarar 1951, daga baya abin ya bazu ko'ina. Ga yadda yake aiki. Inji yana juya famfo da bel. Famfo yana zuƙo mai daga ɗan tankinsa, ya tura shi da ƙarfi ta cikin tiyo mai kauri zuwa akwatin sitiyari. Sa'ad da direba ya juya hannunsa dama ko hagu, man nan ne ke taya shi tura ƙafafun gaba. Daga nan mai ya komo tanki ta wani tiyo mai taushi, ya sake zagayowa.

Ƙarfin man nan ba abin wasa ba ne. Tayar mota takan ɗauki iska 35 ko 40 a gejin mai faci. A bisa wannan ma'auni, famfon sitiyari yakan kai 1,000 har zuwa 1,500 sa'ad da aka juya sitiyari har ƙurewa. Man kuma shi ne ke sanyaya famfon, shi ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe a cikinsa. Da zarar mai ya yi kaɗan, ko ya yi datti, ko iska ta shiga cikinsa, famfo ya fara cin kansa ke nan.

In famfo ya mutu, sitiyari ba ya rabuwa da ƙafafu. Yana nan a haɗe, sai dai ya yi nauyi ƙwarai, balle da kaya a bayan mota. Ku gaya wa direbobinku wannan, domin kada su firgita su saki hannu.

Ku lura kuma, ba kowace mota ce ke da irin famfon nan ba. Ƙananan motoci da yawa na zamanin yanzu da lantarki sitiyarinsu ke aiki, ba mai ba famfo. Waɗansu injunan dizal kuma, irin na Land Cruiser, haƙoran inji ne ke juya famfonsu maimakon bel. Bayaninmu a kan famfo mai bel ne.

KADA KU YI SAURIN SAYEN SABO

Sau da yawa akan zargi famfo alhali laifin yana wani wuri. Kafin ku fid da ko Naira ɗaya, ku duba waɗannan abubuwa bi da bi.

1. Iskar taya. Tayar gaba da ba ta da isasshiyar iska tana sa sitiyari nauyi.

2. Bel. In ya yi sako-sako, ko ya tsattsage, ko mai ya jiƙa shi, zai riƙa zamewa yana ƙara mai tsini sa'ad da aka juya sitiyari. Ku danna tsakiyarsa da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da kamar santimita 1.

3. Yawan mai. A jikin tanki ko a sandar murfinsa akwai alamar sanyi da ta zafi. A duba a wuri mai daidai.

4. Kamannin mai. Ku ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Mai lafiyayye ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya tsufa. In yana kumfa, iska ce ke shiga, sau da yawa ta bakin tiyo mai taushi ko ta wani ɗan zoben roba da ya bushe. In kuwa kun ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa, famfo ya ciwu.

5. Matacin tanki. A gindin tankin akwai 'yar raga mai tace mai. In datti ya toshe ta, famfo ba zai sami mai ba, sai ya yi ta kuka ko da tanki a cike yake. Wanke ta kawai yakan warkar da kukan.

6. Inda mai ke yoyo. A goge ko'ina tas, a ta da inji, a juya sitiyari, a ga inda ya fara jiƙewa. Kada a nemi yoyo da hannu a jikin tiyo mai kauri, gama man yana iya huda fata. A kara guntun kwali a wurin.

A tamu motar, man birki ya kumbura robobin ciki duka, mai ya tsiyaye ta bayan fuli, watau faifan da bel ke juyawa. Famfo ya yi aiki a bushe har ya ci kansa. Da mun ji maganar direba da hunturu, da zoben roba ɗaya da kwalbar mai sun ishe mu.

KAYAN AIKI

Ga abin da muka tanada: sifanu masu lamba 10, 12, 14, 17 da 22, filaya, sukudireba, jak, gumaguman katako masu ƙarfi, babban sirinji da guntun tiyo, tsohon kwano, tsummoki masu tsabta, kananzir, da man sitiyari lita 2. Motar kanta kusan lita 1 take ci, sauran na wanke hanyar mai ne.

Maganar irin mai tana da muhimmanci. Ku karanta abin da aka rubuta a kan murfin tanki ko a littafin motar. Motocin Toyota irin tamu jan man giya suke sha, wanda aka rubuta ATF Dexron a jikin robarsa. Honda tana da nata man dabam. Man birki kuwa kada ya kusanci tankin nan ko kaɗan, haka nan baƙin man inji.

SAUKE FAMFO

Mun yi aikin da safe, inji yana da sanyi. Muka ajiye mota a wuri mai daidai, muka ja birkin hannu, muka sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Muka cire wayar batir mai alamar ragewa, domin kada wani ya ta da inji hannun ɗan'uwansa yana cikin bel. Ɗayanmu ya ɗauki hoton yadda bel da tiyo suka bi da wayarsa, abin da ya taimake mu ƙwarai daga baya.

Muka zuƙe man tanki da sirinji. Tun bel yana ɗaure muka sassauta notin fuli, gama bel ɗin ne ke riƙe shi kada ya juya. Sa'an nan muka sassauta kusoshin da ke ɗame bel, muka zame shi. Muka rufe altaneta da leda domin kada mai ya zubo mata, muka kara kwano, muka cire tiyo mai taushi, kana mai kauri. A bakin mai kaurin akwai wata kusa mai rami a cikinta, da washa biyu na jan ƙarfe. Waɗannan washa ba a maimaita su, tilas a sa sababbi. Muka ɗaure bakunan tiyo da leda mai tsabta saboda ƙura. Bayan haka muka kwance kusoshin da ke riƙe da famfo, ya fito a hannu.

GYARA KO SAUYI?

Ba a buɗe famfo a tsakar gida inda iska ke kaɗa rairayi. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata aikin yini. Muka shiga ajin makarantar Lahadi, muka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, muka jera kowane abu bisa ga yadda ya fito.

In an buɗe murfin baya, za a ga zoben ƙarfe wanda raminsa ya yi siffar ƙwai. A tsakiyarsa akwai dunƙulen ƙarfe mai tsaga-tsaga, a cikin kowace tsaga kuma da ɗan fallen ƙarfe kamar farce. Sa'ad da famfo ke juyawa, fallayen nan sukan fito su shafi bangon zoben, suna kwasar mai suna tura shi. To, a bi bangon nan da farce. In yana da santsi kamar madubi, fallaye kuma suna shiga suna fita ba tare da maƙalewa ba, sandar famfo ba ta girgiɗi, famfon yana da sauran rai. Sai a sayi ƙunshin robobinsa, watau sil na bakin sanda da zobban roba, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da na famfo. A wanke ƙarafan da kananzir mai tsabta, a bar su su bushe, a shafa musu jan mai, a mai da su. Gefen fallen da ya yi kumbo shi ke duban bangon zobe. Kada a goge komai da sanfefa.

In kuwa farce yana maƙalewa cikin zane-zane a bangon, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi, sabuwar roba ba za ta yi magani ba. Namu haka muka same shi, sai muka yi shawarar sauyawa.

Muka aiki mutum biyu Jos da tsohon famfon a hannu. Wannan dabara ce mai kyau, gama famfuna sukan yi kama da juna amma ramukan kusa ko bakin tiyo su bambanta. Kuɗinmu bai kai na sabo ba, sai muka sayi na hannu, irin wanda ake kira Beljiyam. In za ku sayi irinsa, ku juya sandarsa da hannu ku ji tana tafiya sumul, ku leƙa bakunansa ku ga babu tsatsa ko garin ƙarfe, ku kuma yi alkawari da mai kaya a rubuce cewa zai karɓa in bai yi aiki ba. Mun sa masa sababbin robobi tun kafin mu ɗaura shi.

ƊAURAWA DA FID DA ISKA

Muka wanke tanki da ragarsa. Muka ɗaura famfo, muka mai da fuli da bel, muka haɗa tiyo mai kauri da sababbin washa. Kowace kusa da hannu muka fara murɗa ta kafin mu sa sifana, domin jikin famfo yana da taushi, haƙoransa ba su da wuyar lalacewa. Bel kuma ba mu ɗame shi fiye da kima ba, gama bel mai tsananin ɗauri yana kashe boris ɗin famfo.

Zuba sabon mai a kan tsohon datti aikin banza ne. Muka ɗaga gaban mota har tayoyi suka bar ƙasa, muka tokare ta da gumaguman katako. Kada ku amince wa jak shi kaɗai, kada kuma ku sa bulo, yakan farfashe ba gargaɗi. Muka toshe bakin tanki inda mai ke komowa, muka sa tiyon komowar cikin kwalba. Inji a kashe, mutum ɗaya yana juya sitiyari daga ƙurewar dama zuwa ta hagu a hankali, wani yana ƙara mai kada tanki ya ƙafe, har ja garau ya fara fitowa cikin kwalbar. Sa'an nan muka mai da tiyon wurinsa.

Saura fid da iska. A nan ne mutane da yawa sukan kashe sabon famfo a rana ta fari saboda gaggawa. Har yanzu inji a kashe, muka juya sitiyari dama da hagu sau 20, muna ƙara mai. Muka haɗa batir, muka ta da inji, muka bar shi yana aiki a hankali ba a taka totur ba. Mai ya yi kumfa, sai muka kashe, muka jira rabin sa'a, muka sake. A karo na uku kumfa ta ɓace, kuka kuma ya tsaya. Ga alamar da za ku gane iska ta ƙare: ku duba tsayin mai inji yana aiki, ku kashe ku sake dubawa. Kada ya hau fiye da milimita 5. Daga nan muka sauke mota, muka gwada ta a fili ba kaya, muka sake duba ko'ina ko akwai yoyo. Bayan mako guda muka ƙara duba ɗaurin bel.

Tsohon man mun zuba shi a jarka mun rufe. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko rafi, ko lambu.

INDA YA FI ƘARFINMU

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin bai ƙare a nan ba. Bayan 'yan kwanaki muka ga akwatin sitiyari shi ma yana jiƙewa, gama man birki ya taɓa nasa robobin. Saurayin nan ya ce, "Baba, wannan kam ba na gida ba ne. Yana bukatar kayan awo da ba mu da su, kuskure kaɗan a cikinsa kuwa rai ne." Muka yaba masa da ya faɗi gaskiya, muka kai wa gwanin da ya san aikin. Haka kuma in tiyo mai kauri ya fashe, ba a ɗaure shi da robar tib ko waya. Sauya shi ake yi. Man da ya feso a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Duk da wannan, abin da muka kashe bai kai rabin abin da ma'aji ya karanta mana da fari ba. Ga kuma mutum huɗu a ƙauyenmu da yanzu suka san cikin famfon sitiyari.

DOKOKIN DA MUKA KAFA

A taron da ya biyo baya fasto ya tuna mana da misalin talanti da ke cikin Matiyu sura 25, ya ce motar ƙungiya amana ce, za a kuwa tambaye mu yadda muka riƙe ta. Muka amince da waɗannan dokoki, magatakarda ya rubuta su a littafi.

Kowace Asabar da safe direba da mutum ɗaya na kwamiti za su duba man sitiyari, man inji, man birki, ruwa, bel da iskar taya, su sa hannu a littafin mota.

Robar jan mai ɗaya za ta zauna a bayan kujera kullum, domin kada a sake zuba abin da aka samu a hanya.

Ba a danne sitiyari a ƙurewa fiye da ƙirga goma, ba a kuma murɗa shi mota tana tsaye cik da kaya. A bari ta ɗan motsa tukuna.

Ba a yi wa mota lodin da ya wuce ƙarfinta, ko da za a yi sawu biyu.

Daga kuɗin kowane buhu da motar ta ɗauka, ana ware wani abu a sa a asusun gyara, ba a kuwa taɓa shi domin biki ko rance.

In direba ya kawo ƙarar wani kuka ko yoyo, tilas a duba cikin kwana uku.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna roƙon kowace ƙungiya da ke da mota ta buɗe bonet a wannan mako, ta duba ɗan tankin nan kafin lokacin jigilar kaka ya zo. Ku sa matasanku, maza da mata, su tsaya kusa sa'ad da ake gyara, gama su ne za su riƙe motar gobe. In wata ƙungiya tana so mutanenmu su zo su nuna mata aikin ido da ido, sai ta aiko ta hannun ofishin raya karkara na ekklesiya. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya sa albarka a aikin hannuwanku.